Kwana Shida A Zanzibar, Uku Na Banza

Tun da na komo daga Zanzibar nake shan tambaya a ɗakin malamai, wai ina malamin makaranta ya sami kuɗin sauka a masaukin alfarma a bakin teku? Wasu har sun ce gado na ci. To, jama'a, ban ci gadon kowa ba, damina na bi.

A can ruwa mai yawa yakan sauka daga watan Maris zuwa Mayu, suna ce da lokacin masika. Sa'an nan Turawa masu yawon buɗe ido sukan ɗauke ƙafa, ɗakuna su zauna wayam, masu otel kuwa ga ma'aikata za su biya. Sai su karya farashi. Ɗakin da ban isa in leƙa ba a watan Disamba, shi na kwana ciki a watan Afrilu, a Paje, gabashin tsibirin. Kuɗin jirgi daga Legas ne ya kusa karya ni, ga kuma dala 44 na inshora da aka ɗora wa baƙi tun 2024.

An ce araha ba ta ado, amma wannan kam ta yi. Gado kamar na amarya, rairayi fari tas kamar gari, abinci kuwa sai ka ture. Aibin wurin ɗaya ne, kuma da hannuna na saye shi. Na biya kuɗin komai a haɗe, watau kwana da ci da sha, aka ɗaura mini wani awarwaro na roba a hannu don a san na biya. Daga nan zuciya ta fara lissafi: in na fita na ci abinci a gari, na yi hasarar wanda na riga na biya ke nan. Haka na kwana uku cikin katanga, ina cin taliyar Italiya, ina gaisawa da Jamusawa, ban san ko ƙasar wa nake ba. Ashe ana iya ƙetare Afirka tun daga yamma har gabas, mutum bai je ko'ina ba!

Ran na huɗu kunya ta kama ni, na shiga daladala, watau motar haya tasu, zuwa tsohon birni. Na ga cocin da aka gina a filin kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. Na shaƙi kanumfari a kasuwa har na yi atishawa. Na ji suna cewa habari, sabuni, asubuhi, na ce kai, ai labari ne da sabulu da asuba, Larabci ya shayar da mu duka. Da dare na sha miyar urojo a Forodhani a tsaye, na fi jin daɗinta bisa duk abin da na ci a otel. Kashegari da teku ta janye, na taka bayan katangarmu kaɗan, sai ga mata a duƙe cikin ruwa suna ɗaure ciyawar teku a igiya. Sana'a ce da ta kafu a nan wajen 1989, su shanya, a saya da arha, a kai ƙasashen waje a sa cikin man goge baki. Kwana uku suna nan, taku ɗari daga gadona.

Wani zai ce, wanda ya duba takardun jarrabawa ɗari uku ai hutu yake so, ba darasin labarin ƙasa ba. Na yarda, mai iyali da ƙananan yara ma ba na ganin laifinsa. Amma mu da za mu tsaya gaban allo, yara su tambaye mu yaya ƙasar take, me za mu ce? Gadon yana da laushi? Kuɗin da na kashe cikin katangar ma, ban ga alamar da yawa ya kai hannun matan nan ba.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa a cikinku, ya bi damina kamar yadda na bi, ya kama ɗakin nan mai kyau, amma ya biya na kwana da karin kumallo kaɗai, sauran ya ci a gari. Awarwaron yana nan cikin aljihun teburina, mai son gani ya zo bayan an tashi.