Amanar Kare a Fagen Yaƙi

Yara, sau da yawa nakan ga waɗansunku suna jifan kare in ya gifta, alhali kuwa bai yi musu laifin kome ba. A ganina wannan ba halin kirki ba ne. Bari in ba ku labarin wata karya, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu akwai wata karya, ana kiranta Judi, tana zaune cikin wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. A cikin shekarar 1942 jiragen saman Japan suka nutsad da jirgin nan. Waɗanda suka tsira suka fita a wani tsibiri, suka rasa ruwan sha. Sai Judi ta yi ta sansanawa, ta tona rairayi, har ruwa mai daɗi ya ɓuɓɓugo. Suka sha, suka rayu.

Daga baya Japanawa suka kama su, har da karyar, suka tsare su a tsibirin Sumatara. Can wani soja, Frank Williams, ya riƙa raba 'yar shinkafarsa da ita, ga shi kuwa shi kansa yunwa ta ci shi. Ita kuma in ta ga maciji sai ta yi haushi. In masu gadi suka tasam ma dūkan wani, sai ta jawo hankalinsu kanta.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 bai yashe ta ba, ya tafi da ita Ingila. A 1946 aka ba ta lambar girma ta jaruntaka. Ya kuma tafi da ita aikin noman gyaɗa a Tanganyika, watau Tanzaniya ta yanzu. Can ta mutu a 1950.

Wani zai ce, ai dabba ce, cikinta kaɗai ta sani. To, in haka ne, me ya sa ta tari sandan mai gadi? Ai ba shinkafa a bakin sanda. Alherin da aka yi mata ne ta riƙe.

Ban ce lalle kowa ya ajiye kare ba. Amma kada ku zalunce shi. Wanda kuwa ya ajiye shi don gadi ko farauta, to, ya ci da shi, ya shayad da shi, kada ya kore shi ran da ya tsufa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.