Aliero da Ilmin Falaki

Tun da aka harba madubin hangen sama na James Webb a shekarar 2021, wanda ke karɓar hasken zafi da ke bayan launin ja, irin wanda ido ba ya riskarsa, malaman falaki suka gano iskar kabon dayoksaid a bisa ƙanƙarar Yuropa, ɗaya daga watannin duniyar Mushtari, suka kuma hangi tururin ruwa yana fesowa daga wani watan duniyar Zuhal. Da yake ana ajiye bayanan nan kyauta a taskar intanet, ban ga hujjar da za ta hana jami'ar kimiyya ta Aliero karantar da wannan fanni ba, balle a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar gadon talifi; kwamfuta da malami masani sun wadatar.