Kama da Wane Ba Ta Wane: Hujjar Mayar da Tsohon Akwatin Wasa Kan Asalinsa

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, da wuya a shiga wurin shaƙatawa a biranen Amurka da Japan ba a tarar da wani dogon akwatin katako ba, mai tsayin mutum, da fuskar talabijin a ƙirjinsa, da sandar sarrafawa da 'yan maɓallai a ƙasanta, da kuma ramin jefa kwabo. A irin waɗannan akwatuna duniya ta fara sanin Space Invaders a 1978, da Pac-Man a 1980, da Donkey Kong a 1981. Waɗanda suka tsira daga cikinsu yanzu sun haura shekara 40. Ana tsintar su a gareji da ɗakunan ajiya, gindinsu ya sha ruwa ya kumbura, ɓeraye sun gaigaye wayoyinsu, fuskarsu ta mutu.

Duk wanda irin wannan akwati ya faɗo hannunsa yana da hanya biyu. Ta farko mai sauƙi ce: ya kwashe kayan ciki, ya saka shafaffiyar fuska irin ta talabijin ɗin bango, ya haɗa ta da 'yar ƙaramar kwamfuta kamar Raspberry Pi, cikin yini guda akwatin ya farfaɗo da ɗaruruwan wasanni. Ta biyu tana cin watanni ana neman kayan gyara, ana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe kuma wasa ɗaya tak za a samu, wanda aka ƙera akwatin dominsa. A lissafin kuɗi da lokaci, ta farko ce mai riba. Duk da haka ta biyu ce daidai, kuma dalilin ya wuce begen ƙuruciya da ake yawan jingina wa masu wannan aiki.

Wasan bai tsaya ga manhaja ba

Masu goyon bayan hanya mai sauƙi suna cewa wasan bidiyo jerin umarni ne da aka adana a cikin ƙwayoyin lantarki. In an kwafe umarnin an ceci wasan, katako da gilashi kuwa mazubi ne kawai. Space Invaders kaɗai ya isa ya rushe wannan zato. Hoton da Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya tsara baƙi da fari ne. Launukan da 'yan wasan farko suke tunawa ba sa cikin manhajar ko kaɗan, domin ledoji ne masu launi da aka manna a kan gilashin. A samfurin da ake bugawa a tsaye, ɗan wasa ba ya kallon talabijin ɗin kai tsaye. Tana kwance ne a cikin akwatin, madubi ke ɗauko hotonta ya ɗora shi a kan zanen duniyar wata da aka haskaka, sai dodannin su yi kamar suna shawagi a sarari. Sautukan ma wasu da'irorin lantarki ne na musamman suke haifar da su nan take. Wanda ya kwafe ƙwayoyin ajiya kaɗai bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Asteroids, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1979, ya ƙara fito da batun fili. Talabijin ta gida tana zana hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, amma fuskar Asteroids tana tura tsinken haskenta kai tsaye daga wannan ɗigo zuwa wancan, kamar yadda alƙalami ke tafiya a kan allo. Shi ya sa harsashin da ɗan wasa ya harba yake fitowa da wani haske mai kashe ido, layukan duwatsun kuma sumul ba gargada. Shafaffiyar fuska, wadda aka gina da ƙananan murabba'ai a jere, iyakarta ta kwatanta.

Asali shi ne ma'auni

Wannan ba raina manhajar kwaikwayo ba ne. Tun da ɗan ƙasar Italiya Nicola Salmoria ya fitar da MAME a 1997, masu aikin sa-kai sun ceto dubban wasannin da da tuni sun ɓace, kuma ta wannan hanya ce mafi yawan mutanen duniya za su taɓa ganin su. Sai dai kwaikwayo ba ya iya ba wa kansa shaida. Kafin a ce manhaja tana yin abin da tsohuwar na'ura ke yi, dole a sami na'urar tana aiki a gwada su gefe da gefe. Bubble Bobble, wasan Taito na 1986, ya yi shekaru ana buga shi a kwamfuta bisa hasashen abin da wata ƙwayar tsaro da ke allon lantarkinsa take yi. Sai da aka samo allon asali, aka buɗe ƙwayar, aka karanta abin da ke cikinta, sannan kwaikwayon ya daidaita. Da a ce duk allunan sun tafi juji, hasashen ne zai zama tarihi.

Rigimar Donkey Kong ta nuna haka ta wata fuskar. A 2018 ƙungiyar Twin Galaxies, mai ajiye bayanan bajintar 'yan wasa, ta soke makin Billy Mitchell, bayan ta yanke cewa wasu faya-fayen bidiyon da aka gabatar ba daga allon asali da ba a taɓa ba suka fito. Hujjar ta ta'allaƙa ne a kan wani abu da bai kai ƙiftawar ido ba: tsarin da ƙarafan dandalin wasan suke bayyana a lokacin da ake sauya mataki, wanda ya bambanta tsakanin na'urar asali da tsofaffin samfuran MAME. Mitchell ya musanta, ya kai ƙara kotu, kundin Guinness ya mayar masa da bajintarsa a 2020, ɓangarorin biyu kuma suka sasanta a 2024. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, muhawarar ta yiwu ne saboda akwai akwatunan asali masu aiki da kowa zai iya kunnawa ya duba. Duk akwatin da aka kwashe wa ciki, an rage shaida guda ke nan.

Inda tsantseni yake da iyaka

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ya kamata a saurara: babu wata na'ura mai shekara 40 da za ta yi aiki da dukkan kayan da ta fito da su daga masana'anta, saboda haka maganar asali yaudarar kai ce. Rabin wannan gaskiya ne. Kafasitocin da ke ɗauke da ruwan sinadari suna bushewa, hoto ya shiga lanƙwashewa ko ya dushe, kuma aikin farko na mai gyara shi ne ya cire su ya liƙa sababbi da dalma. Batiran da aka dasa a kan wasu alluna suna yoyo su cinye hanyoyin tagulla, don haka barin su a wurin da sunan kiyaye tarihi, neman gira ne da zai jawo rasa ido. Ƙwayoyin ajiya ma suna iya mance abin da aka rubuta musu in shekaru suka yi nisa.

Amma sauya abin da aka san zai ƙare daban ne da sauya abin da ke ba na'urar halinta. Sabuwar kafasita mai awo ɗaya da tsohuwa tana mayar da hoto yadda maƙeransa suka nufa. Sabuwar kwamfuta kuwa tana kawo nata halin ne ta ɗora wa akwatin. Labarin allon CPS-2, wanda kamfanin Capcom ya fara amfani da shi a 1993, ya nuna amfanin haƙuri a nan. Don hana satar fasaha, an ajiye mabuɗin sirrin wasan a wata ma'ajiya da batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya mutu, allon ya mutu. Shekaru da dama mafita ɗaya ita ce a sauya ƙwayoyin da wasu da aka yi wa kwaskwarima. A 2016 Eduardo Cruz da abokan aikinsa suka gano yadda za a sake rubuta mabuɗin, matattun alluna suka tashi da manhajarsu ta asali. Waɗanda suka adana nasu ne suka ci wannan moriya.

Kalmar asali ma tana buƙatar a yi mata hankali. Akwatunan Donkey Kong na farko a Amurka ba dominsa aka ƙera su ba. Na wani wasa ne mai suna Radar Scope da ya yi kwantai, kamfanin Nintendo ya juya kimanin 2,000 daga cikinsu zuwa sabon wasan Shigeru Miyamoto. Wanda ya sami ɗaya daga cikin waɗannan jajayen akwatuna ya ce sai ya mayar da shi Radar Scope, ya goge babin da ya fi kowane muhimmanci a rayuwarsa. Haka zanen lungunan Pac-Man da ya ƙone ya zauna daram a fuskar gilashi: tabo ne, amma kuma shaidar dubban sa'o'in da akwatin ya yi yana aiki.

Masu kula da tsofaffin gine-gine sun riga sun sha wannan muhawara. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tsayar da cewa gyara ya dakata a inda hasashe ya fara, kuma abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Ƙa'idar ta dace da akwatin wasa ba tare da an tanƙwara ta ba. A sauya abin da ya ƙare da irinsa. A adana abin da aka cire a cikin jaka a ƙasan akwatin. A rubuta kwanan wata da aikin da aka yi. Kada a huda sabon rami ko a yanke waya in akwai hanyar da za a iya warwarewa daga baya. Zanen gefe da ya koɗe ya fi sabon bugu daraja, muddin yana nan ana ganinsa.

Wanda kuma burinsa wasanni ɗari a akwati ɗaya, ƙofa a buɗe take. Daga tsakiyar shekarun 1980 masana'antun Japan sun amince da mahaɗa guda mai haƙora 56 da ake kira JAMMA, aka riƙa ƙera akwatunan gama-gari da aka yi su musamman don a riƙa sauya musu allo. Irin waɗannan, ko sabon akwatin da kafinta ya haɗa, sun ishe shi. Babu dalilin yanka wanda ba za a sake ƙera irinsa ba.

Tulun gilashi da hannun da ya san shi

Abin da ya fi kowane wuyar samu shi ne tulun gilashin da ke ba da hoto, wanda ake kira CRT. Kamfanin Sony ya daina ƙera samfurinsa na Trinitron a 2008, sauran manyan masana'antu ma suka rufe nasu layukan. Ba aikin da za a yi a ƙaramin shago ba ne, don haka adadin da ke duniya raguwa kawai yake yi. Taɓa shi ma sai wanda ya sani: tulu mai launi yana aiki da wutar da ta kai bolt 20,000 ko fiye, yana iya riƙe ta bayan an zare soket, cikinsa babu iska, wuyansa kuma saurin karyewa gare shi. Masu gyara sukan ceto akwati ta hanyar ciro tulu daga tsohuwar talabijin mai girman da ya dace, su dasa shi a mazaunin wanda ya mutu.

A nan ne labarin ya taɓo Afirka ta Yamma. Shekaru da dama jiragen ruwa suna sauke tsofaffin talabijin na Turai a Legas da Tema, kuma da yawa sun ƙare a wurare irin su Agbogbloshie na birnin Accra, inda aka riƙa fasa su don a ciri tagullar da ke naɗe a wuyansu, a bar gilashi mai gubar dalma a ƙasa. Abin da ake fasawa a nan shi ake nema ruwa a jallo a can. Ilimin ma haka yake. Dattijon mai gyaran rediyo da talabijin a Kano ko Maraɗi, wanda zai dubi yadda hoto ya tsuke ya faɗi sashen da ya gaza, yana riƙe da irin sanin da masu adana waɗannan akwatuna a Amurka suke koya daga tsofaffin takardun masana'anta. Yaransa kuwa sun koma gyaran waya, domin can abinci yake.

Kuma ba wasan Japan da Amurka kaɗai abin ya shafa ba. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo suka fito, wa'azi da waƙoƙi da shirye-shiryen rediyo masu yawa kuma suna kwance a kaset da faifai. Ba a iya mayar da ko ɗaya cikin kwamfuta sai da na'urar da ke karanta shi, da mutumin da ya iya tayar da ita in ta tsaya. Kwafin da aka yi da gaggawa yau, wataƙila a so a sake shi da kyau bayan shekara 20, kuma ranar za a nemi asalin da na'urarsa.

Saboda haka gidajen tarihi irin su The Strong da ke Rochester a jihar New York suke ajiye akwatunan a kunne, baƙi suna bugawa, duk da sanin cewa kowace sa'a tana rage wa tulun kwana. Akwatin da aka kulle a bayan gilashi katakonsa kawai ake gani. Nauyin sandar a tafin hannu da ƙarar maɓalli da hasken fuskar sai an kunna ake sanin su. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai in ba a zubar da ita an cika tulun da ruwan sukari ba. Wanda ya gaji irin wannan akwati, ko ya tsince shi a kasuwar gwanjo, in ba zai iya ɗawainiyar gyaransa ba, mafi alheri shi ne ya ajiye shi a busasshen wuri, ya cire batirin da ke kan allon in ba irin mai riƙe mabuɗi ba ne, ya miƙa shi cikakke ga wanda zai iya.