Sabon babur ɗin Honda V3R 900: ana gardama kan kyansa, an manta da tambayar da ta fi muhimmanci

A watan Nuwamban 2025, a bikin baje kolin babura na EICMA da ake yi duk shekara a birnin Milan na ƙasar Italiya, kamfanin Honda ya fito da wani babur na gwaji da ya sa wa suna V3R 900 E-Compressor Prototype. Shekara guda kafin nan, a wannan dandalin dai, kamfanin ya nuna injin babur ɗin rataye a jikin firam, babu tanki babu kwalliya. Wannan karon an yi masa sutura, ya fito da kamannin babur sosai.

Tun daga ranar masoya babura suka rabu gida biyu. Wasu na cewa sun daɗe ba su ga abin da ya burge su daga Honda kamar wannan ba. Wasu kuma sun tsaya a kan siffarsa, musamman yadda gefensa na dama bai yi kama da na hagu ba, suna ganin kamar ba a gama ƙera shi ba. Akwai kuma rukuni na uku da ke cewa duk wannan ɓata baki ne, domin babur ɗin ba zai taɓa shiga shago ba, kuma ko ya shiga, ba a wannan kamannin zai zo ba.

Rukunin na uku ne suka fi kusa da tambayar da ta dace, duk da cewa alamu sun nuna amsarsu ba daidai ba ce. Kyan fuska ko muninta abu ne da mai zane zai iya gyarawa cikin 'yan watanni. Abin da zai yanke wa wannan babur hukunci yana ƙarƙashin tanki.

Me ke cikin injin?

Injin mai silinda uku ne da aka jera a siffar harafin V, biyu a gaba ɗaya a baya, da kusurwar digiri 75 a tsakaninsu, kuma da ruwa ake sanyaya shi. Girmansa cc 900 ne, amma Honda ya ce zai yi aiki daidai da injin cc 1200. Sirrin yana ga kwamfaresa mai aiki da lantarki, wadda kamfanin ya ce ita ce irinta ta farko da aka taɓa sa wa babur.

Ƙarfin inji ya dogara ne da yawan iskar da ke shiga silinda ta haɗu da fetur. Idan ana son ƙarin ƙarfi, ko dai a ƙara girman injin, ko a sa shi ya riƙa juyawa da sauri, ko kuma a cusa masa iska da ƙarfin tsiya. Hanyoyin cusa iskar da aka saba da su biyu ne. Turbo na amfani da hayaƙin da ke fita ta salansa wajen juya fanka, don haka sai injin ya ɗau zafin gudu kafin ta fara aiki sosai. Sufacaja kuma injin ne da kansa ke juya ta, saboda haka ƙarfinta na bin saurin juyawar injin, sannan tana cin wani kaso na ƙarfin da ta samar.

Kwamfaresar Honda ba ta jiran ko ɗaya daga cikinsu. Ƙaramar motar lantarki ce ke juya ta, kwamfuta kuma ke ba ta umarni. Da zarar mahayi ya murɗa totur, ko da injin yana tafiya a hankali, za ta iya tura iskar nan take. Kamfanin ya kuma ce tsarin ba ya buƙatar na'urar sanyaya iskar da aka matsa, kuma za a iya ajiye kwamfaresar a duk inda ta fi dacewa a jikin babur, tunda ba a haɗa ta da salansa ko ƙarfen injin ba.

Ita kanta siffar V3 tana da tarihi a gidan Honda. Da injin V3 na babur ɗin NS500 ne Freddie Spencer ɗan Amurka ya ci gasar duniya ta ajin cc 500 a shekarar 1983, an kuma sayar wa jama'a MVX250F da NS400R masu irin wannan jerin silinda. Sai dai waɗancan injuna ne masu bugu biyu, irin masu ƙona baƙin mai tare da fetur. Wannan na yanzu mai bugu huɗu ne.

Masu shakka suna da hujja

Duk wanda ya ce ba zai yarda ba sai ya gani, tarihi na bayansa. A shekarar 2001 kamfanin Suzuki ya nuna B-King a bikin motoci na Tokyo, ɗauke da injin Hayabusa da aka ƙara wa sufacaja. Jama'a suka yi ta roƙon a ƙera shi. Da ya fito kasuwa wajen shekara shida bayan nan, sufacajar ta ɓace, an bar manyan salansa biyu da faffaɗan jiki. Bai yi kasuwar da aka yi tsammani ba, aka daina yin sa bayan 'yan shekaru.

Suzuki ya sake yin haka a 2013 da Recursion, ƙaramin babur mai injin cc 588 da turbo, wanda aka ce zai ba da ƙarfin doki 100. A 2015 har injin turbo shi kaɗai kamfanin ya baje. Daga ƙarshe abin da ya iso shago shi ne injin cc 776 mai silinda biyu, wanda babu turbo a jikinsa, a baburan GSX-8S da V-Strom 800DE.

Honda ma yana da nasa. EVO6 da ya nuna a 2007 bai taɓa fitowa ba. Riding Assist, babur ɗin da ke tsayawa da kansa ba tare da jak ba, ya ja hankalin duniya a bikin CES na 2017, amma ba a kai shi shago ba.

Sannan akwai darasin farkon shekarun 1980, lokacin da manyan kamfanonin Japan huɗu duk suka faɗa harkar turbo: Honda da CX500 Turbo da CX650 Turbo, Yamaha da XJ650 Turbo, Suzuki da XN85, Kawasaki da GPz750 Turbo. Cikin 'yan shekaru aka tattara su gaba ɗaya. Sun yi nauyi, sun yi tsada, ƙarfinsu kuma yakan makara sannan ya zo a lokaci guda, abin da ke da haɗari ga mahayin da ke tsakiyar kwana. Mai saye ya lura cewa da kuɗin da bai kai haka ba zai sami babur mai injin cc 1000 ko 1100 wanda ya fi sauƙin hawa da sauƙin gyara.

Dalilin da ya sa wannan karon ya bambanta

Duk da haka, akwai dalilai uku da ke nuna V3R zai kai ga shago.

Na farko, yadda aka gabatar da shi. Baburan mafarki sukan zo ne da jiki mai ɗaukar ido da injin da ba a cika magana a kansa ba. Honda ya fara ne da nuna injin tsirara, bayan shekara ya dawo da cikakken babur, ya sa masa suna da lamba, ya kira shi samfurin gwaji, ya kuma faɗa a fili cewa aikin yana tafiya ne da nufin ƙera shi da yawa don sayarwa. Kamfani ba ya zuba kuɗin ƙirƙirar sabon inji tun daga tushe don kawai a ɗauki hoto.

Na biyu, dokokin hayaƙi. Ƙa'idar Euro 5+ ta fara aiki kan duk sababbin baburan da ake sayarwa a Tarayyar Turai daga farkon 2025, kuma babu alamar za a sassauta a gaba. Manyan baburan lantarki kuwa har yanzu suna fama da nauyin batir da tsada da gajeren zango. Ƙaramin inji mai shan mai kaɗan a tafiyar yau da kullum, wanda zai ba da ƙarfin babba idan an buƙata, hanya ce ta tsawaita rayuwar injin fetur. Masu ƙera motoci sun daɗe da bin wannan hanya, har da kwamfaresar lantarkin kanta, wadda Audi ya sa a motar SQ7 tun 2016.

Na uku, Kawasaki ya riga ya nuna akwai masu saye. Ninja H2 mai sufacaja ya shiga kasuwa a 2015 kan dala 25,000 a Amurka, kuma bai mutu ba, sai ma ya haifi H2 SX na doguwar tafiya da Z H2. Honda, wanda ke sayar da babura sama da miliyan 20 a shekara, yana da aljihun da zai jure asarar shekarun farko fiye da kowa a wannan sana'a.

Inda gizo ke saƙar

Fitowa kasuwa daban, cin nasara daban. A nan ne ya kamata masu yabo su rage murna.

Abu na farko shi ne lantarki. Matsa iska aiki ne mai cin wuta sosai, shi ya sa motar Audi ta yi amfani da tsarin bolt 48. Babur na yau da kullum yana da ƙaramin batir ne mai bolt 12 da ƙaramin janareta. Duk abin da za a ƙara domin ciyar da kwamfaresar, nauyi ne da zafi da kuɗi. Idan babur mai cc 900 ya zo da nauyin mai cc 1200, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Z H2 na Kawasaki ya kai kilo 239, kuma nauyin na cikin abubuwan da ake yi masa ƙorafi a kai.

Abu na biyu shi ne alƙaluma. A wurin bikin, Honda bai bayyana ƙarfin dokin injin ba, bai faɗi nauyin babur ɗin ko farashinsa ko ranar fitowarsa ba. Cewa zai yi daidai da injin cc 1200 magana ce mai faɗi, domin a wannan ajin akwai mai ƙarfin doki ƙasa da 100, akwai kuma mai kusan ninki biyu na hakan. Kafin a ga lambobi a takarda, kuma masu gwaji da ba ma'aikatan kamfanin ba su hau shi, alƙawari ne kawai.

Abu na uku shi ne farashi, kuma a nan ne tarihin Honda ya kasu biyu. Akwai Honda da ya yi NR750 mai fistan siffar ƙwai a 1992 da RC213V-S na dala 184,000 a 2015, baburan da aka yi don nuna bajinta, waɗanda 'yan tsiraru suka saya suka adana. Akwai kuma DN-01 da aka nuna a 2005 aka fara sayarwa a 2008 kusan yadda aka zana shi, amma tsada da rashin sanin wanda aka yi dominsa suka kashe shi cikin shekaru kaɗan. A ɗaya ɓangaren akwai Honda da ya fara giyar DCT mai canza kanta a VFR1200F a 2010, ya daure har ta yaɗu zuwa Africa Twin da Gold Wing da NC750X, sannan ya kawo E-Clutch a baburan CB650R da CBR650R a 2024 kan ƙarin kuɗi kaɗan. Idan V3R ya bi hanyar farko, zai zama abin kallo. Idan ya bi ta biyu, sauran kamfanoni za su shiga neman tasu kwamfaresar.

Abin da ya shafi wanda ba zai taɓa sayen sa ba

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai ƙaramin babur da rigimar masu kuɗin Turai da Japan. Amsar tana jikin CX500 Turbo ɗin nan da ya faɗi a kasuwa. Shi ne babur na farko da Honda ya sayar da tsarin fesa fetur da kwamfuta ke sarrafawa maimakon kabureta. Turbon ya tafi, tsarin fesa man ya zauna. A yau ana samun sa a ƙananan babura masu cc 110 da 125, musamman tun da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙinta a watan Afrilun 2020. Abin da aka fara a babur mafi tsada yakan gangaro ƙasa, ko da zai ɗauki shekaru talatin, kuma idan ya iso, bakanike da mai sayar da kayan gyara ne ke fara jin sa a jikinsu.

Don haka gardamar gefen dama da gefen hagu ba ta da wani nauyi. Suzuki Katana ma an yi masa kallon baƙon abu da ya fito a farkon shekarun 1980, yau kuma ana lissafa shi cikin zane-zanen da suka canza kamannin babura. Ido yakan saba da siffa, amma aljihu ba ya sabawa da tsada, haka ma hannu da nauyi.

Honda ya cancanci yabo kan ƙin bin sahun kowa a lokacin da yawancin kamfanoni suka koma ƙera injin silinda biyu iri ɗaya domin rage kashe kuɗi. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Ranar da kamfanin ya fitar da samfurin sayarwa, abubuwa huɗu ne za a duba: ko kwamfaresar tana nan ba a cire ta kamar yadda aka yi wa B-King ba, nawa ne nauyinsa, nawa yake sha a kilomita 100, da kuma nawa aka sa masa idan an kwatanta da baburan cc 1000 da Honda ɗin kansa ke sayarwa. Idan huɗun suka yi daidai, waɗanda ke kushe fuskarsa yau za su kasance cikin masu bin layin saye.