Cin amana bai yi riba a Westeros ba

Da yawa daga masu karanta jerin littattafan George R. R. Martin, A Song of Ice and Fire, labarin ƙasar Westeros da ya fara fita a 1996, suna cewa darasinsa shi ne mai gaskiya ke mutuwa, mayaudari ya ci sarauta. Wannan fahimta tana ba ni takaici, domin littattafan akasin haka suke nunawa.

A dubi bikin da ya koma mayanka a littafi na uku, na shekarar 2000. Robb Stark yana son ƙetare kogi da rundunarsa, gadar kuwa tana hannun tsoho Walder Frey. Sharaɗin da aka gindaya shi ne Robb ya auri ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata. Ya amince, ya ƙetare, ya samu mayaƙan gidan, sannan bayan ya zama sarki ya je ya auri Jeyne Westerling. A ƙasar da babu alƙalin da zai tilasta wa sarki cika alkawari, aure ne takardar yarjejeniya, kuma Robb ne ya fara yaga ta. Ramuwar Frey ta wuce gona da iri. Ya gayyaci Robb da mutanensa ɗaurin auren kawun Robb, Edmure Tully, ya ba su gurasa da gishiri, abin da a al'adarsu ke haramta jinin baƙo, sannan ya sa aka hallaka su, da haɗin bakin Tywin Lannister da Roose Bolton.

Wani zai ce ai haƙarsu ta cimma ruwa, tunda Bolton ya samu mulkin Arewa, aka ba gidan Frey Riverrun, mazaunin gidan Tully. Haka ne, amma littafi na huɗu da na biyar lissafin asarar suke yi. Ana ta rataye 'yan gidan Frey ɗaya bayan ɗaya. Da Jaime Lannister ya je neman sulhu a Riverrun, Brynden Tully da ke riƙe da wurin ya ƙi amincewa da maganarsa bayan abin da ya faru a bikin. Wyman Manderly ya yi wa Bolton mubaya'a a baki, yana ƙulla ramuwa a ɓoye.

To Ned Stark, mahaifin Robb, da aka fille wa kai fa? Rashin lissafi ne ya kashe shi, domin ya sanar da sarauniya Cersei shirinsa, kuma ya dogara da Petyr Baelish. Mutuncinsa kuwa bai mutu tare da shi ba. A littafi na biyar, na 2011, ƙabilun duwatsun Arewa sun bi Stannis Baratheon cikin ƙanƙara da yunwa domin ceto yarinyar da suka ɗauka 'yar Ned ce.