Ma'aunin Tasirin Bincike: Daga Ɗakin Gwajin Zariya zuwa Ƙauyukan Kudancin Kano

A al'adar jami'o'i, ana auna tasirin masanin kimiyyar lafiya da yawan maƙalun da ya wallafa da kuma yawan waɗanda suka kafa hujja da su. Wannan ma'auni yana da amfani, amma bai cika ba. Tarihin binciken dajin hanta ya nuna cewa harshe ma yana cikin abin da ya kamata a auna.

A shekarar 1963 Garri Abelev na Tarayyar Sobiyet ya gano wani sinadari, alfa-fetofurotin ko AFP a taƙaice, a jinin ɓerayen da ke da dajin hanta. A 1964 Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane. Irinsa ake kira manunin daji, wato abin da yawansa cikin jini ke nuni da yiwuwar ciwon. A wannan zamani ne kuma Baruch Blumberg na Amurka ya gano alamar ƙwayar cutar hanta nau'in B, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1976. Duka gwaje-gwajen biyu sun dogara ne ga sinadaran garkuwa, waɗanda jiki ke ƙerawa don su gane baƙon abu su manne masa.

Ƙasar Hausa ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. Brian Greenwood ya shafe shekarun 1970 zuwa 1980 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana binciken garkuwar jiki, musamman kan sanƙarau. A 1977 shi da Y. M. Fakunle da abokan aikinsu suka wallafa nazari kan dajin hanta a wannan yanki. Daga baya ya koma Gambiya, haka ma abokin aikinsa Hilton Whittle, inda a 1986 aka fara babban shirin gwada rigakafin cutar hanta ga jarirai. Nijeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara a 2004. A ma'aunin jami'a, wannan nasara ce babba.

To amma me ya isa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ba su da nisa da Zariya? Yanki ne na masara da gyaɗa, kuma idan aka adana su da danshi sukan yi hunhuna mai fitar da gubar afilatoksin. Haɗuwar wannan guba da ƙwayar cutar hanta tana ninka haɗarin daji. Manomin Doguwa da ya bi ta Kwanar Dangora har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano zai iya komowa da takardar sakamako wadda ba mai fassara masa ita daidai.

Misali biyu sun isa. Gwaji ɗaya yana neman alamar ƙwayar cutar, wani kuma yana neman sinadarin garkuwar da ke yaƙarta. Samun na farko yana nufin kamuwa, samun na biyu yana nufin kariya. Amma da Hausar yau da kullum duka sai a ce "an samu". Haka nan AFP yakan hau ga mai juna biyu da mai kumburin hanta, kuma wasu masu dajin ba ya hawa a jininsu. Idan aka ce wa majinyaci "an ga daji a jininka", an yanke masa hukuncin da gwajin bai yanke ba. Wanda kuma aka ce wa "ba komai" yana iya daina zuwa awo, alhali masu haɗari ana son a duba hantarsu duk bayan wata shida. Ga kuma kalmar "shawara", wadda ta tattara cututtuka daban-daban ƙarƙashin alama guda, wato rawayar ido.

Ana iya cewa wannan aikin likitoci ne. Sai dai likita bai koyi ƙirar kalma ba, kamar yadda manazarcin harshe bai koyi awon jini ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masana Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki: littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Dalhatu Muhammad ya shirya a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, shaida ne.

Abin da ya rage shi ne sassan Hausa su zauna da ma'aikatan ɗakunan gwaji su fitar da daidaitattun kalmomi, sannan a gwada su a bakin ungozomomi da majinyata a asibitocin kudancin Kano kafin a buga. Allurar farko ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa. Uwar da ta haihu a gida za ta nemi allurar ne idan an gaya mata dalili da harshen da take ji.