Rana Ta 14 Ba Ta Kowace Mace Ba Ce

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa cewa idan amarya ta shekara a ɗakinta ba ta yi ɓatan wata ba, to, ido ya dawo kanta ke nan. Uwar miji ta fara gugar zana, dangi su shiga kawo saiwoyi da saƙe-saƙi, kafin a ankara an laƙaba mata sunan juya, wani lokaci har igiyar aure ta yi rawa. Abin takaici shi ne, cikin irin waɗannan mata akwai waɗanda lafiyarsu ƙalau, su da mazajensu. Abin da ya kuɓuce musu kurum shi ne sanin 'yan kwanakin da ciki ke iya shiga. Jikin mace yana shelar zuwan kwanakin nan kowane wata, kuma bai dace a ce karanta wannan shela ya zama aikin likita shi kaɗai ba.

A kowane zagayen al'ada, ɗaya daga cikin jakunkunan ƙwai biyu da ke gefen mahaifa takan saki ƙwai guda. Ƙwan nan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai, alhali 'ya'yan maniyyi suna iya jiransa har kwana 5 a jikin mace. A shekarar 1995, Allen Wilcox da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mata 221, inda suka tarar duk cikin da aka samu ya shiga ne a tsakanin kwana 6 kacal: kwana 5 kafin fitar ƙwai da ita kanta ranar fitarsa. Wato wanda ya jira sai ƙwai ya fita, ya kusa makara.

Yaushe ne yake fita? Amsar da ta zama ruwan dare ita ce "rana ta 14", kuma a nan gizo ke saƙar. Abin da likitoci biyu, Kyusaku Ogino na Japan da Hermann Knaus na Ostiriya, suka gano a shekarun 1920 shi ne, ƙwai yana fita kimanin mako biyu kafin jinin da ke tafe, ba mako biyu bayan wanda ya wuce ba. Lissafin biyu suna haɗuwa ne kawai ga mai zagayen kwana 28. Mai kwana 35 za ta saki nata wajen rana ta 21, mai kwana 24 wajen rana ta 10, kuma dukkansu lafiyayyu ne. Har wa yau, ana fara ƙirgen ne daga ranar farko ta ganin jini, ba daga ranar wankan tsarki ba, kuskuren da ke karkatar da lissafi da kusan mako guda.

Alamar da ta fi kalanda aminci ita ce ruwan da bakin mahaifa ke fitarwa. Bayan ɗaukewar jini, mace takan ji bushewa na 'yan kwanaki, sannan wani ruwa mai kauri da danƙo ya biyo baya. Yayin da sinadarin istirojin ke ƙaruwa a jini, sai ruwan ya tsinke, ya yi garau, ya yi yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai ko ruwan kuɓewa, har yana miƙewa tsakanin yatsu biyu ba tare da ya katse ba. Shi ne ke kare 'ya'yan maniyyi daga tsamin farji, ya ba su hanyar wucewa. Ranar ƙarshe ta yauƙin nan tana dab da fitar ƙwai, bayanta ruwan ya koma kauri. Likitocin nan ma'aurata na Ostireliya, John da Evelyn Billings, a kan wannan alama suka gina hanyar da ake kira da sunansu. Babbar asara ita ce yadda mata da dama ke ɗaukar ruwan nan a matsayin ciwon sanyi, su nufi kemis su sayi ƙwayoyi, ko su shiga tsarki da magunguna, suna yaƙi da abin da zai kawo musu haihuwa. Ruwan cuta yakan zo da ƙaiƙayi ko wari ko sauyin launi. Wannan kuwa ba shi da ko ɗaya.

Sauran alamomin mataimaka ne. Zafin jiki yakan ɗaga da digiri 0.2 zuwa 0.5 bayan fitar ƙwai, sai dai labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, kuma zazzaɓin cizon sauro na dare ɗaya ya isa ya dagula awon. Wasu matan sukan ji suka a gefe ɗaya na mara. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari da ke nuna tashin sinadarin LH awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fita, ga mai halin saye.

Maganar ta shafi maza fiye da yadda suke zato. Direba ko ɗan kasuwa da ke leƙo gida kwana 3 a wata zai iya shekara bai dace da kwanakin ba. A gidan mai mata huɗu da ake kwana bibbiyu, kowace tana jiran kwana 6 kafin girki ya dawo kanta, daidai tsawon kwanakin da ake magana a kansu. Idan kuwa zagayenta kwana 24 ne ko 32, waɗanda ke rabuwa da 8 cif, saɓanin na iya maimaituwa wata bayan wata. Musayar kwana da yardar abokiyar zama ta fi zagayen masu magani araha.

Koyar da wannan ba abu ne mai wuya ba, domin matan Hausawa sun riga sun ƙware a lissafin kwanakin haila da tsarki saboda salla da azumi. Abin da ya rage shi ne ungozomomi da malaman asibiti da malamai mata na makarantun matan aure su ɗora a kan wannan tushe, su bambance farin kumfan ƙarshen haila da yauƙin tsakiyar wata, kuma su faɗi iyakar hanyar ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mai neman tazarar haihuwa da alamomin kaɗai tana buƙatar horo da haɗin kan miji, in ba haka ba ciki zai shammace ta. Mai shayarwa tana iya sakin ƙwai tun kafin jininta ya dawo, wanda ta nan kwanika ke shigowa. Ma'auratan da suka shekara suna dacewa da kwanakin ba a samu rabo ba, ko wata 6 idan matar ta haura shekara 35, asibiti ya kama su, su biyun, domin a kusan rabin irin waɗannan matsaloli akan tarar da hannun namiji a ciki, kuma gwajin maniyyinsa ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da araha.